Kiwon Toron Agwagwa: Tambayoyi da Amsoshi kan Zamansa da Mata da 'Ya'ya

Waɗannan tambayoyi ne da masu kiwon agwagi a ƙauyukan Kano da Jigawa suke yawan maimaitawa, musamman da damina lokacin da kwanci da ƙyanƙyasa suka fi yawa. Galibin bayanin ya shafi agwagwar gida mai jan fuska, wadda a littattafan kiwo ake kira Maskobi. Inda agwagwar Turawa ta bambanta da ita, an faɗa.

1. Ta yaya zan bambance toro da mace tun ba su girma ba?

A makonni uku na farko ido ba ya rabewa, sai dai mai ƙwarewa ya duba ta dubura, kuma wanda bai iya ba yana iya yi wa ɗan agwagwa lahani. Daga mako na huɗu zuwa na shida jiki yake fara nunawa. Namijin ya fi tsawon jiki, ƙafafunsa sun fi kauri, tafin ƙafarsa ya fi faɗi, amma gashinsa yana jinkirin fitowa. Sai ka ga mace ta kusa rufe jikinta da gashi shi kuwa yana yawo da fiffike tsirara. Idan sun kai wata huɗu babu sauran shakka: jan naman fuskar toro ya fi yawa da gudaji, nauyinsa kuma yakan kusa ninka na mace. Muryarsa huci ce kawai, ita kuwa tana da ɗan siririn kuka.

A agwagwar Turawa, irin fararen nan na Pekin ko masu ruwan ƙasa na Khaki Campbell, murya ce ma'auni. Mace ce mai kwakwazo, namiji muryarsa a dishe take, kuma idan ya balaga gashi ɗaya ko biyu a saman wutsiyarsa sukan lanƙwashe. Toron gida ba shi da wannan lanƙwasa, kada ka neme ta.

2. Dole sai da toro agwagwa za ta yi ƙwai?

A'a. Za ta yi ƙwai ko babu namiji, sai dai ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba. Wanda ƙwan ci kawai yake so ba ya buƙatar ciyar da toro ko ɗaya.

3. Mata nawa suka dace da toro ɗaya?

Huɗu zuwa shida. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, domin yawancin ƙorafin da ake yi a kan toro, daga tsige ƙeyar mata zuwa faɗa da kisan 'ya'ya, asalinsa yawan maza ne a wuri ɗaya. Agwagwa ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, kusan rabi maza ne, mai gida ya ƙyale su duka saboda suna da kyan gani, bayan wata shida ko bakwai duk sun balaga. Daga nan mata uku ko huɗu da ke gidan ba su da sauran hutu.

Idan matan sun gaza uku, toro zai matsa musu fiye da kima, sai a riƙa ware shi kwana biyu ko uku a mako. Idan sun haura bakwai ko takwas, wasu ƙwayayen za su fito ba ɗa a ciki. A ƙauyen da agwagi ke fita yawo, ka lissafa da torayen maƙwabta, domin a bakin kududdufi babu ruwan toro da wane ne mai agwagwa.

4. Gashin ƙeyar agwagwata ya tsige har ya yi ciwo. Cuta ce?

Mafi yawan lokuta ba cuta ba ce, aikin toro ne. Idan zai hau mace, da baki yake cafke gashin ƙeyarta ya danne ta, faratansa masu kaifi kuma suna kan bayanta. Ɗan tsigewar gashi a ƙeya lokacin barbara ba abin damuwa ba ne. Abin da ya kamata ya tsayar da ke shi ne jini ko ɓawon ciwo a ƙeya da gefen ido, karce a ƙarƙashin fiffike, ɗingishi, ko ki ga ta daina zuwa wurin abinci tana laɓewa a bayan rumbu.

Ki ware ta nan take inda toro ba zai kai gare ta ba. A wanke ciwon da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, kamar ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya, a shafa aidin ko shuɗin maganin nan na GV. Shuɗin yana da amfani biyu, yana busar da ciwo kuma yana ɓoye jan jini da ke jawo sauran su yi ta sara. Ki kiyaye ƙuda, don da zafi tsutsa ba ta daɗewa ta shiga. Sati ɗaya zuwa biyu ya isa ta warke. Amma idan kika mayar da ita cikin adadin mazan da suka ji mata ciwon, sai dai a sake jinya. Ki koma tambaya ta 3.

5. Da gaske ne toraye suna nutsar da mace a ruwa?

Gaskiya ne. Agwagi sun fi son barbara a cikin ruwa, kuma nauyin toro yakan tura kan mace ƙarƙashin ruwa na ɗan lokaci. Idan shi kaɗai ne, tana ɗagowa ta girgije ta yi wanka. Idan biyu ko uku suka yi mata taron dangi, wannan ya sauka wancan ya hau, ba ta samun sararin numfashi. A kududdufan bayan gari da magudanan ruwan noman rani irin na Kura da Kadawa, inda agwagin gidaje da yawa ke haɗuwa, an fi samun wannan. Wanda yake da mata kaɗan gara ya ajiye musu baho ko rabin durom a gida, zurfin ruwan bai wuce taƙi ɗaya ba, ya sa bulo ko dutse a ciki don sauƙin fita. Agwagwar gida ba ta buƙatar tafki kafin ƙwanta ya yi ɗa, a ƙasa ma barbara tana kamawa.

6. Torayena biyu kullum faɗa. Su daina da kansu ko in raba su?

Ka duba irin faɗan tukuna. Tunkuɗar ƙirji, miƙe tukku, huci da ɗan kora, duk neman sanin babba ne, kuma yakan lafa cikin kwana uku zuwa mako guda idan ɗaya ya sallama. Wanda ya wuce haka shi ne inda suke dukan juna da gwiwar fiffike, suna yakushi, ɗaya ya danne wuyan ɗaya a ƙasa ko a ruwa. Idan ka ga jini, ko wanda aka kayar ba ya samun ci da sha, raba su ya zama dole.

Faɗa ya fi tsanani a tsakanin toraye masu kai ɗaya, domin babu mai yarda ya bi. Tsoho da matashi sun fi zama lafiya, har ranar da matashin ya ji ƙarfi. Abubuwan da ke rage rikici: kwanon abinci biyu da na ruwa biyu nesa da juna, zana ko ɗan shinge a tsakiyar fili yadda wanda aka kora zai ɓace wa idon mai korarsa, da ɗakin kwana dabam-dabam. Dare ya fi haɗari, saboda a akurki babu wurin gudu. Toraye zalla, ba mace a kusa, sukan zauna lafiya ƙwarai, shi ya sa masu kiwon nama suke tara su wuri guda. Sai dai kada su riƙa hango matan ta raga.

7. Toro yana kashe 'ya'yan agwagwa? Ko da nasa ne?

Yana iyawa, kuma bai san nasa ba. Toro ba ya kwanci, ba ya reno, ba ya yi wa 'ya'ya jagora zuwa abinci. Akwai toraye masu sanyin hali da 'ya'ya za su yi ta bi ta ƙarƙashinsu ba su kula ba, amma ba a gane wannan sai bayan an gwada, kuma kuɗin gwajin ran 'ya'yan ne.

Ta hanya uku ake asara. Ta farko, ya cafki ɗan a wuya ya girgiza ya yar, sau da yawa a bakin kwanon abinci. Ɗan kwana uku da bai fi tafin hannun yaro ba, girgiza ɗaya ta ishe shi. Ta biyu, wadda ta fi yawa kuma ba a lura da ita, ita ce takewa: yana bin uwar da barbara, ita tana gudu, 'ya'yan suna tsakanin ƙafafunsu. Da safe sai a tarar da biyu a kwance ba ciwo a jiki, a ɗora wa sanyi ko ɓera laifi. Ta uku, korar uwar da yake yi tana tarwatsa 'ya'yan, shirwa da hankaka kuma abin da suke jira ke nan. A bakin fadama ga guza, da dare ga muzuru da gafiya.

Ba toro kaɗai ba, wata agwagwar ma takan sari 'ya'yan da ba nata ba, musamman idan ita ma tana da ƙanana. Uwa biyu masu sababbin 'ya'ya kowace da wurinta.

8. To yaya zan shirya wa uwa da 'ya'yanta wuri?

A keɓe musu wuri mai tsawon kamar taku uku da faɗin taku biyu, da ragar waya mai ƙananan ido wadda kan ɗan agwagwa ba zai shiga ba. Dangar kara ba ta isa ba, ta ƙasa suke sulalewa. A rufe sama da raga ko tsohon gidan sauro saboda shirwa, a yi inuwa a gefe guda, a shimfiɗa buntun shinkafa ko ƙaiƙayi, a riƙa canzawa da zarar ya jiƙe. Da hunturu a kare ɓangaren da iska ke bugowa da buhu ko zana. Idan babu uwa, suna buƙatar ɗumi kamar digiri 30 zuwa 32 a makon farko, ana ragewa da kamar digiri 3 duk mako.

Ruwa shi ne inda aka fi kuskure. Ana ganin ɗan agwagwa ai ɗan ruwa ne, sai a ajiye masa daro cike. Gashin jariri ba ya hana ruwa shiga sosai, idan ya daɗe a ciki sai ya jiƙe, sanyi ya kama shi, ya kasa hawa gefen daron ya mutu a ciki. A makonni biyu na farko a ba su ruwa a faranti mai ɗan zurfi da tsakuwa a ciki, yadda za su tsoma baki har hanci amma ba za su yi iyo ba. Kada a ba su busasshen abinci babu ruwa a kusa, yana shaƙe su.

Abinci kuwa, na 'yan tsaki da ake sayarwa a buhu ya yi, a ɗan dama shi da ruwa. A gida ana haɗa barzajjen masara ko gero da dusa da garin waken suya soyayye, a ƙara gara da yankakken ganyen zogale. A guji ƙuli-ƙuli ko masarar da ta yi fumfuna, domin a cikin tsuntsayen gida babu wanda gubar fumfuna take kashewa da sauri kamar ɗan agwagwa. Idan ƙafafunsu sun fara gwamewa ko suna yawan zama, sau da yawa ƙarancin sinadarin niyasin ne, wanda suke buƙata fiye da 'yan tsakin kaji. Garin bitamin na kaji da ake sa wa a ruwa, mai ɗauke da shi, yana gyarawa idan an fara da wuri.

9. Yaushe zan haɗa su da sauran garken?

Da manyan mata, daga mako shida zuwa takwas. Da toro, sai gashi ya rufe su gaba ɗaya, wato mako goma zuwa goma sha biyu. 'Yan matan cikinsu ma gara a ƙara musu lokaci har wata huɗu ko biyar, domin babban toro yakan fara hawansu tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba, ya gurɗa musu ƙafa ko ƙugu.

Kada a haɗa rana ɗaya. A bar su suna ganin juna ta raga mako ɗaya ko biyu, sannan a sake su tare da rana a fili mai faɗi, bayan kowa ya ƙoshi, wani yana tsaye yana kallo. Awa ɗaya ranar farko ta isa. Ɗan sara da kora za a gani, wannan ba komai. Idan toro ya zaɓi ɗaya yana binsa ba ƙaƙƙautawa, shi za a kulle na kwana uku ko huɗu, ƙananan su saba da filin, sannan a sake gwadawa. Kwana tare a akurki ɗaya shi ne mataki na ƙarshe.

10. Agwagwata ta shiga kwanci. In bar toro tare da ita?

Aikinsa ya ƙare tun kafin ta kwanta. Bayan barbara mace takan ci gaba da yin ƙwai mai ɗa har mako guda ko fiye, don haka raba su a ƙarshen saka ƙwai ba ya rage komai. Barinsa kuwa yana jawo asara: takan sauka sau ɗaya a rana ta ci, ta sha, ta yi wanka, shi kuma a nan yake tare ta. Ko ta daɗe ba ta koma ba ƙwai ya huce, ko ya bi ta har sheƙa a fasa wasu.

Agwagwar gida kwana 35 take yi a kan ƙwai, ta Turawa 28, kaza 21. Da yawa suna zubar da ƙwai a kwana na 30 suna cewa baragurbi ne, alhali saura kwana biyar. Ƙwai 12 zuwa 15 ne take rufewa da kyau. A kwana na 10 ki haska kowane ƙwai da tocila a cikin duhu: mai ɗa za ki ga jijiyoyin jini kamar saƙar gizo, wanda babu komai zai fito fayau. Idan fiye da rabi fayau ne, a binciki toron: ko bai kai wata bakwai ba, ko ya tsufa, ko ƙiba ta yi masa yawa, ko ciwon ƙafa ya hana shi hawa, ko matan sun fi ƙarfinsa.

11. Toro yana bin kajina. Akwai matsala?

Akwai, babba. Zakara ba shi da gaba mai shiga jiki, haɗa dubura kawai suke yi da kaza. Toro kuwa yana da gaba doguwa mai murɗe, jikin kaza kuma ba a yi shi don haka ba. Yana iya yaga ta a ciki, ko mahaifarta ta zazzago, ko nauyinsa ya karya ta. Ba kuma za a samu ɗa daga wannan ba. Toron da ba shi da isassun mata, ko wanda kaza ta ƙyanƙyashe ta rene shi, shi ya fi yin haka. Wanda ya riga ya saba da wuya ya bari, sai a raba masa wuri ko a sayar.

12. Zan iya haɗa toron gida da agwagwar Turawa?

Za su yi barbara, wasu ƙwayayen su ƙyanƙyashe a wajen kwana 32, amma 'ya'yan kamar alfadari suke, ba sa haihuwa. Suna saurin girma kuma namansu yana da kyau, har a Faransa da Taiwan da gangan ake yin wannan haɗi don nama. Mai son iri ya ci gaba kada ya bar su a matsayin iyaye. A kuma lura da nauyi: babban toron gida a kan ƙaramar Khaki Campbell rauni ne kawai.

13. Torona yana kai wa yara sara. Yaya zan yi da shi, kuma yaya ake kama shi?

Huci da kaɗa wutsiya da miƙa wuya gaba da baya ba faɗa ba ne, haka toron gida yake gaisuwa. Mai faɗa shi ne wanda yake bin mutum yana cizo yana dukan ƙafa da fiffike. An fi samun haka ga wanda aka rene shi shi kaɗai a hannu, ya tashi bai bambance mutum da agwagwa ba. Kada a gudu, kada a yi ta dukansa. Babba ya kama shi ya danne shi a hankali a ƙasa na ɗan lokaci, duk sanda ya kawo hari a maimaita. A hana yara tsokanarsa da ba shi abinci a hannu. Idan akwai masu rarrafe a gidan kuma bai daina ba cikin mako biyu, a rabu da shi, fuskar yaro daidai bakinsa take.

Wajen kamu, ba a ɗaukar agwagwa ta ƙafa kamar kaza, ƙafarta ba ta jurewa. A kora shi lungu, a tare gindin wuyansa da hannu ɗaya ba tare da shaƙewa ba, a haɗe fuka-fukan a jikinsa, a rungume shi a hammata ƙafafun suna kallon baya. Faratansa suna tsaga fata.

14. Gaban toro ya fito ya ƙi komawa. Me ake yi?

Bayan barbara yakan ɗan leƙo na mintuna ya koma, wannan daidai ne. Idan ya wuce awa biyu ko uku yana ja a ƙasa, a ware shi daga mata da sauran maza, don suna iya sara. A wanke da ruwan ɗumi mai tsabta, a shafa man Vaseline kada ya bushe, a ajiye shi kan shimfiɗa mai tsabta da bahon ruwa mai kyau da zai shiga. Da yawa suna komawa cikin 'yan kwanaki, amma a hana shi barbara mako biyu zuwa uku. Idan wurin ya kumbura, ya yi baƙi ko ya bushe, a kai wa malamin dabbobi, kada a yanke a gida.

15. Zan sayo sabon toro a kasuwa. Me zan duba?

Canza toro duk shekara ɗaya ko biyu abu ne mai kyau, domin idan uba yana hawa 'ya'yansa, jikoki sukan fito ƙanana, ƙyanƙyasa ta ragu. Nemo shi daga wani gari ya fi musaya da maƙwabci, don agwagin unguwa ɗaya galibi dangin juna ne. Ko a Wudil ranar Juma'a ne ko a Maigatari ranar Alhamis, a sa a ajiye shi ƙasa ya yi tafiya a gani. A duba ido garau, hanci ba majina, gashin gindi ba kashi, ƙirji cike da tsoka, tafin ƙafa ba kumburi. Ɗan wata takwas zuwa shekara ɗaya ya fi.

A gida a killace shi mako biyu zuwa uku nesa da sauran, da kwanonsa dabam. Dalilin ya wuce faɗa. Tun da aka tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a watan Fabrairun 2006, a jihar Kaduna, sannan Kano, cutar takan sake ɓulla lokaci-lokaci, agwagi kuma suna iya ɗauke da ita ba su nuna alama ba su shafa wa kaji. Masu kiwo a yankin fadamar Haɗeja, wajen Baturiya da Kirikasamma da Guri, inda tsuntsayen ruwa masu ƙaura ke sauka da hunturu, su fi kowa kiyayewa, kada su bar agwagi su cakuɗa da na daji. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. Bayan killacewa, a gabatar da shi ta raga kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 9.

16. Rarar torayen da aka ƙyanƙyashe fa, yaushe zan rage su?

A ware su daga mata tun suna wata uku, kafin su fara rigima. A zaɓi ɗaya mafi girma da lafiyar ƙafa idan ana son iri, shi ma a yi musayarsa da na wani gari. Sauran a tsare su wuri guda a ba su dusa da hatsi da waken suya su ƙoshi, safe da yamma. Masu samun cikakken abinci sukan kai yanka a wata uku zuwa huɗu, masu kiwon sake kuwa sai wata biyar ko shida. Bayan nan girma ya tsaya, abincin da suke ci ba ya komawa nama, naman kuma yana ƙara tauri. Wanda ya ƙyanƙyashe a watan Yuli ko Agusta, zuwa Disamba torayensa sun isa kasuwa, lokacin da 'yan sari ke neman tsuntsaye don kaiwa Kudu.